Wakilin Dattawan Zango a Tseren Gangare

Allah bai yi wa Legas dutse ba. Ya ba ta teku, ya ba ta yashi, ya ba ta danfo, amma tudu kam sai wanda ɗan kwangila ya zuba da kankare. Mutum zai taso daga Zangon Agege har Idumota bai hau komai ba sai gada. Saboda haka da samarin unguwarmu suka ce za su buɗe kakar tseren keke irin na gangarowa daga kan tsauni, duk mai hankali tambaya ɗaya ya yi: wane tsaunin? Ni kuwa da yake Allah ya hore min baki, ban tsaya tambaya ba. Cewa na yi wasan yara ne.

Yawancin yaran nan 'yan acaɓa ne a da. A watan Yunin 2022 gwamnatin Legas ta hana acaɓa a Ikeja da wasu ƙananan hukumomi biyar, wato daidai inda kuɗin yake. Ba a gama jimamin wannan ba aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023. Wasu suka koma gida, wasu suka kama tura kurar ruwa, wasu kuma suka sayar da mashin suka sayi kekunan gwanjo, masu giya da shoka da taya mai kaushi, suna kai saƙo, suna ɗauko nama daga mayankar Oko-Oba. Sana'a ta canja, jinin gudu yana nan. Wanda ya saba ratsawa tsakanin tirela da danfo, in ka ba shi keke ba zai tuƙa shi irin tuƙin malamin makaranta ba.

Shugabansu ɗan yayata ne, yaron da ni na biya masa kuɗin mota daga Kano, ga irin sakayyar da ya yi min. Wata rana bayan isha, a teburin mai shayi, ya buɗe mana bidiyo a waya. Wani gari ne a ƙasar Chile, Valparaíso, inda tun 2003 ake tsere daga saman unguwa zuwa ƙasan gari, ta kan matattakala da lungunan da mutum biyu ba sa gitta juna. Yara suka dafe wayar suna salati. Ni ina gefe da kofina, na ga an daina sauraron labarin da nake bayarwa na tsadar goron Shagamu, abin ya ɗan sosa min rai. Sai na ji bakina ya ce:

"Wannan ne abin mamaki? A zamaninmu na sauko daga Dutsen Dala a kan keke, da buhun gero a kariya."

Maganar tana da asali. Na taɓa saukowa daga Dala, kuma na taɓa hawa keke. Haɗa su a rana ɗaya ne kawai shayin ya yi, don ranar mai shayin ya cika ganye.

Teburin ya yi tsit. Ɗan yayata ya zaro wani littafin rubutu daga aljihu, ya ce, "Alhamdu lillahi, Kawu. Dama muna neman wakilin dattawa."

Na ce shekaru sun ja. Ya ce ai akwai wani Greg Minnaar, ɗan Afirka ta Kudu, da ya ci kambun duniya na wannan tsere sau huɗu, a 2003 da 2012 da 2013 da 2021, na ƙarshen yana da shekara 39. Na ce ni na wuce haka nesa. Ya ce shi kuma Minnaar bai taɓa hawa Dala ba. Na ce ba ni da canjin biyan kuɗin shiga. Mai shayi, mutumin da ko sukari ba ya ƙara wa kowa kyauta, ya buɗe gwangwaninsa ya biya min. Har yau ina nazarin wannan alherin.

Neman tsaunin ya ɗauke su lokaci. Da farko sun sa ido a kan gadar Pen Cinema, wadda aka buɗe a watan Maris na 2021, amma wani ya tuna musu cewa danfo ba ya karanta dokar tsere. Suka leƙa matattakalar tashar jirgin ƙasa, masu gadi suka raka su waje. A ƙarshe suka samo wani gangare can bayan Iju, wajen da ƙasa ke fara naɗewa in an doshi iyakar Ogun. Hanya ce ta jar ƙasa wadda ruwa ya zaizaye, gidaje hagu da dama, tana gangarawa har cikin kwari. Ɗan yayata ya ce a Turai ana buɗe kaka ne idan ƙanƙara ta narke, don haka mu ma a watan Afrilu za mu buɗe. Ba wanda ya ce masa a Legas lokacin ne sama ke ɓallewa.

Saura keke. Nawa na ƙarshe tun kafin in yi aure aka sace shi. Na je wurin Ladan bayan sallar la'asar, na zauna, na miƙa masa farin goro guda biyu, marsa, na tambayi iyali, na tambayi ciwon ƙafarsa, sannan na ce ina son aron kekensa zan ɗan je Iju. Ban yi ƙarya ba, Ijun zan je. Aro kuwa ba abin kunya ba ne a wannan fanni: a gasar Olamfik ta Faris a 2024, Ese Ukpeseraye da ta wakilci Nijeriya gaba ɗaya, keken da ta yi tseren cikin fili da shi a wurin Jamusawa aka aro.

Keken Ladan baƙi ne, irin na da, mai nauyin gaske. Sirdinsa na fata ne da sifirin a ƙasa, an naɗe shi da tsohon rawani. Akwai madubi guda, akwai ƙararrawa, akwai kariya da aka ɗaure buta a kai da robar tiyub. Giya babu, shoka babu. Birkinsa na sanda ne, wanda in ka matse, ƙarfe ke jan ƙarfe har roba ta dafe bakin wili. Yara suka gan shi suka fashe da dariya, amma na rufe musu baki da iliminsu. Ɗan yayata da kansa ya gaya mana cewa tseren nan a Kalifoniya aka fara shi, a watan Oktoban 1976, kusa da wani gari Fairfax, kuma waɗanda suka fara, su Charlie Kelly da Gary Fisher da Joe Breeze, tsofaffin kekuna suka tono suka gyara. Gangaren nasu ya ɗan haura kilomita 3, zurfinsa kusan mita 400, kuma in mutum ya sauko sai ya buɗe cibiyar wilin baya ya sake cusa giris, don zafin birki ya ƙone na ciki. Na ce to kun gani, keken Ladan shi ne sunna, naku ne bidi'a.

Na kai shi wurin mai gyara a bakin titin Old Abeokuta. Ya matsa birkin gaba, ya matsa na baya, ya tura keken, keken ya tafi abinsa. Ya ɗago ya dube ni.

"Alhaji, ina za ka da shi?"

Na faɗa masa. Ya ajiye sifanarsa.

"Alhaji, birkin nan na tsayawa a ƙofar masallaci ne."

Na ce ya ɗaure shi kawai, kuma ya cika min taya da iska har ta yi tauri, ya ɗaga sirdi sama. Ɗan yayata ya yi ta magiya. Wai a gangare rage iska ake yi don taya ta kama ƙasa, kuma sauke sirdi ake yi don mutum ya samu inda zai ja jikinsa baya. Na ce ni jikan fataken goro ne, waɗanda jirgin ƙasa ya sauke a Agege tun tana kewaye da gonakin goro, ba zan ratsa unguwar Yarabawa a tsugune ba.

Kayan kariya shi ya haɗa min. 'Yan tseren gaske suna sa hular kwano mai rufe haɓa, da sulken ƙirji da na gwiwa. Ni na samu hular wani tsohon ɗan acaɓa wadda igiyarta ta tsinke, kuma ban raina ba, don na tuna a 2009 da aka tilasta sa hular, akwai waɗanda suka kifa ƙoƙo a ka a Kano suka fita aiki. Sauran jikin kuwa kwalin taliya ne da yankakkiyar katifa. Ya jera min su a baya da ƙirji da ƙwauri, ya bi da igiya yana ja yana ƙullewa, har na fito kamar huhun goron da za a ɗora wa motar Maiduguri. Na zura riga a sama.

Uwargida ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo. Ba ta hana ni ba, ta san halina.

"Malam, katifar yara ce fa wannan."

Na ce za a dawo da ita.

"To ka bar min makullin shago. Da lambar katin nan na banki."

Da asubar ranar aka yi ruwa, ba mai yawa ba, daidai wanda zai jiƙa saman jar ƙasa ya bar ƙasanta da tauri. Duk wanda ya taɓa tafiya a irin wannan ya san ko akuya takatsantsan take yi. Muka isa da hantsi. Ka'idar tseren, kamar yadda ɗan yayata ya karanto, ba a sakin mutane gaba ɗaya. Ɗaya bayan ɗaya ake sauka, agogo ne abokin hamayya. Kafin a fara kowa zai bi hanyar da ƙafa, ya ga ramuka, ya zaɓi inda tayarsa za ta bi. A ƙasa kuma ana ajiye kujera, wanda lokacinsa ya fi na kowa ya hau ya zauna har sai wani ya tashe shi. Kujerar tamu ta roba ce, an aro ta a wurin mai gyaran waya. Layin ƙarshe da toka aka ja shi. Agogo kuwa waya biyu ce: na sama ya kira na ƙasa, in mutum ya taso ya yi ihu "Ya taso!", na ƙasa ya danna.

Yara suka gangara duba hanya. Ni na zauna a inuwa na ɓare goro. Mutumin da ya sauko daga Dala in aka gan shi yana leƙen ramuka, me za a ce?

Akwai wata ka'idar da ba a gaya min ba sai a wurin: gwani shi ke sauka a ƙarshe. Bisa tarihina, aka sa ni na ƙarshe. Wannan ya ba unguwar gaba ɗaya damar fitowa. Mata suka bar tuyar ƙosai, masu ɗinki suka bar kekunansu, yara suka hau katanga. Samari suka yi ta sauka, wasu lafiya, wasu da gwiwa. Ina kallonsu daga sama suna ƙanƙancewa har su ɓace a kwana, ina jin goron bakina ya daina ɗaci, ya daina komai. Da aka kira ni, yaran katanga suka ɗauka: "Mala! Mala! Mala!" An fi shekara ashirin ana kirana haka a garin nan, ban taɓa jin an sa masa kiɗa ba sai ranar.

Na hau. Sirdin ya yi tsawon da sai da mutum biyu suka riƙe ni. Na yi bisimilla, aka saki.

Gaskiya farkon akwai daɗi. Iska ta shiga rigar, madubi yana walƙiya, har na saki hannu ɗaya na kaɗa ƙararrawa, jama'a suka yi shewa. Na ce a raina ashe abin da yaran nan ke wa kuri ke nan. Sai hanyar ta sunkuya. Daga sama ba a ganin wannan wurin, sai wanda ya bi da ƙafa. Na matsa birkin baya a hankali, irin na manya. Ya yi wata 'yar ƙara. Na matsa na gaba. Shi ko ƙarar bai yi ba. Na haɗa su na matse har sandunan suka taɓa kan keken.

Daga baya mai gyara ya yi min bayani, da yake shi bayani ba ya ƙare masa. Kekunan yara birkinsu faifai ne a tsakiyar wili, nesa da laka. Na Ladan roba ce ke kama bakin wilin ƙarfe, kuma ƙarfe mai santsi in ya jiƙe, roba shafa shi kawai take yi tana wucewa. Wato duk matsar da nake yi, wanke wa Ladan wili nake.

Tayar da na sa aka cika kuwa ta fara aikinta. Kowace tsakuwa sai ta aiko min da saƙo ta sirdi har cikin haƙora. Butar kariya tana dukan bayana. Muka faɗa wani zaizayayyen rami da ruwa ya haƙa a tsakiyar hanya, keken ya bi shi ba da shawarata ba. A nan hular ta zamo ta rufe min ido. Na ɗaga kai ina leƙe ta ƙarƙashinta, abin da kawai nake gani haɓata da tayar gaba. Duk addu'ar da na haddace tun makarantar allo na karanto ta, har ta shiga kasuwa.

Ɗan yayata ya taɓa ce min, "Kawu, inda ka kalla nan keke ke zuwa, kada ka kalli abin da kake tsoro." Da hular ta koma baya, abin da na fara gani daro ne cike da garin kwaki, wata Iya ta ajiye a bakin ƙofarta. Na ce kada in kalli daron nan. Na dage ƙwarai wajen ƙin kallonsa, idona a kansa. Feda ta hagu ce ta ɗauke shi. Na ratsa ta cikin farin hayaƙi na fito, silifas ɗina ɗaya ya zauna a can.

Gaba kaɗan mutanen layin sun jera buhunan yashi a gicciye don hana ruwa cin hanya. Yara a nan suke rage gudu su bi ta gefe. Ni da ba ni da abin ragewa na hau su a miƙe. Keken ya tashi sama. Ban san tsawon da muka yi ba, amma na hango cikin gidan wani, ana shanya. Jama'a suka ɓarke da ihu, sun ɗauka salo ne. Har na ji wani yaro ya ce, "Wallahi da gaske ne maganar Dala!" Muka dira, sifirin ɗin sirdi ya karɓe ni ya mayar.

Saura gangaren ƙarshe, wanda ya fi kowanne tsayuwa, ga layin toka ina hange. Ɗan yayata yana gefe yana tsalle yana ihu:

"Kawu, ja baya! Mayar da nauyinka baya!"

Ni mutum ne mai karɓar shawara in ta zo a kan lokaci. Na ja baya. Na wuce sirdi, na wuce buta, na wuce kariya. Na zauna a ƙasa.

Abin da ya biyo baya da idona na gani, don ina kwance a kan kwali ina binsa a baya. Keken Ladan, da ya ji an sauke masa kaya, ya miƙe sak. Bai karkata ba, bai yi tangaɗi ba, ƙararrawarsa tana kaɗa kanta. Ya tsallake toka, ya nufi kujerar roba. Yaron da ke kai, wanda tun safe ba a tashe shi ba, ya yi tsalle ya faɗa lambatu. Keken ya daki kujerar ya kwanta a kanta. Ni kuma na iso daga baya a rigingine, ƙafafu a gaba, na tsallake layin na tsaya a hankali a gaban mai riƙe da agogo. Kwalin taliya a kan jiƙaƙƙiyar laka, ba a ba shi haƙƙinsa ba a harkar sufuri.

Kafin in tashi Iya ta iso da daronta. Na iya Yarabanci sarai, a ranar na yi fatan ban iya ba. Ta fara da ni, ta bi ta kan furfurata, ta tambaya ko ba ni da jikoki. Na ce, "Iya, a yi haƙuri, tsautsayi ne." Ta ce tsautsayi bai san kuɗin gari ba. Aka yi ciniki a tsaye, na biya kuɗin daro cike, alhali na ga sauran rabi a ciki, kuma silifas ɗin ba ta bayar ba.

Sannan aka zauna shari'a. Mai agogo ya ce shi da ya ga taya ta taɓa toka ya danna, kuma wannan lokacin ya fi na kowa, da tazara. Yaron lambatu ya ce ba keke aka ce ya yi tsere ba, mutum aka ce. Ɗan yayata ya duba waya ya ce dokar hukumar tseren keke ta duniya ta yarda mutum ya tsallake layi ko da ƙafa ne, muddin yana tare da kekensa. Na ce madalla, ai tare muke, hanya ɗaya muka biyo, lokaci ɗaya muka taso, ɗan saɓani ne aka samu a ƙarshe, kuma ko mata da miji suna samun irinsa ba a ce aure ya mutu ba. Mai shayi, wanda ya rufe teburinsa ya biyo mu don ya ga amfanin kuɗinsa, ya ce shi a ganinsa duk wanda ya hau kujera shi ya ci, kuma kowa ya ga wanda ya hau.

Aka kaɗa ƙuri'a. Keke ya zo na ɗaya. Ni aka rubuta a gaban sunana: bai ƙarasa ba. Mutumin da ke zaune a kan layin, toka a wandonsa.

Kyautar burodin Agege ce babba, da gwangwanin madara biyu, da katin waya. Tunda keke ba ya cin burodi, aka yanke a kai wa mai shi. Haka muka shiga Zango bayan azahar, yara na tura keken a gaba an rataya masa burodi a kai, ni ina baya a cikin keken Marwa da ƙafa ɗaya ba takalmi. Ladan ya fito ya zagaya kekensa. Ya ga madubi babu, ya ga kariya ta karkace, ya ga butarsa ta fashe. Ya karɓi burodin ya matsa shi ya ji laushinsa.

"Alhaji, ka ce Iju za ka."

Na ce can na je.

"To. Wannan na karɓa a kan madubi. Buta da kariya sai ka zo."

Mai ɗori ya ce targaɗe ne kawai a wuyan hannu, ya ja shi ja ɗaya da ya sa na kira sunan mahaifiyata. Uwargida ta karɓi abin da ya rage na katifa ba ta ce uffan ba, makullin shagon ma sai da na tambaya. Bidiyon kuwa ya riga ni isa ko'ina. Kafin magariba yayata ta kira daga Kano, ba don ta yi min sannu ba, wai so take ta ji a wace shekara ce na sauko daga Dala, don ita a saninta ko kan jaki sai an riƙe ni.

Na ɗaukaka ƙara wurin dattawan layinmu, kuma ina nan a kan bakana: agogo ya ba ni, son kai ne ya hana ni. Sun ce za su duba bayan Sallah. Kafin nan yara sun sa ranar zagaye na biyu, kuma sun aika wa Ladan takardar gayyata a matsayinsa na mai riƙe da kambu. Ya ce zai ba da keken, amma da sharaɗin kada a ɗora masa kowa.